Taskar Littattafai: Wasiƙar Wata Maɗinkiya Daga Kumasi

 

Da niyyarmu a wannan wata mu yi magana a kan wani abu dabam, sai ga wata wasiƙa ta zo ta ture shi. Wasiƙar ta fito ne daga wata baiwar Allah maɗinkiya a unguwar Aboabo ta Kumasi, wadda ta roƙe mu kada mu bayyana sunanta, mun kuwa amsa mata. Shafi huɗu ta cika gaba da baya, da Hausar boko mai tsabta wadda ta fi ta waɗansu da ke ɗaga mana hanci. Ta ce daga azumin bara zuwa na bana ta karanta littattafan Hausa sun fi talatin, galibinsu a waya, da dare bayan ta rufe shago. Ta kasa su gida uku, watau na soyayya, da na yaƙi da tsafi, da na ban-tsoro, ta kuma yanke wa kowane gida hukunci. Ga kaɗan daga abin da ta ce:

"Malam, na soyayya su ne abincina, amma wallahi sun fara gundurata. Kowane saurayi ɗan mai kuɗi ne, ba ya dariya, ba ya son magana. Kowace yarinya marainiya ce mai dogon gashi. Na yaƙi da tsafi ƙanena ne ya cusa mini su, nakan tsallake shafi ashirin in tarar har yanzu ana sara da suka. Na ban-tsoro kuwa ban taɓa karanta wanda ya hana ni fita tsakar gida da dare ba. Littafi ɗaya ne ya taɓa hana ni barci, shi ma na soyayya ake ce masa, inda aka kori mace da 'ya'ya tara daga gidan mijinta."

Sa'an nan ta zo kan abin da ya sa ta ɗauki alƙalami. Kawunta, wanda shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, ya ce karatun nan ɓata lokaci ne da ɓata tarbiyya, ko dai ta bari ko ya daina amsa gaisuwarta. Tana tambaya, shin ta bari?

'Yar'uwa, za mu zo kan maganar kawu, domin ba ƙaramar magana ba ce. Amma bari mu fara da wani abu da ke cikin wasiƙarki wanda ke da kanki ba ki lura da shi ba. A ina kika koyi rubuta Hausa haka? Mun san ba a makarantar boko ba ne. Harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauki nauyinsu goma sha ɗaya ne, akwai Tuwi da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja da sauransu, babu Hausa a ciki. Yaron zango zai tashi da Hausa a bakinsa, ya yi ciniki da ita, ya ji wa'azi da ita, ya yi faɗa da ita, amma ya gama makaranta bai taɓa ganin yadda ake rubuta "ƙwarya" ba. A makarantar allo da Islamiyya Larabci ake koyarwa, ajamin da kakanninmu suka iya kuwa masu karanta shi sun yi ƙaranci. To wa ya rage? Waɗannan littattafan da ake raina wa, su suka rage. Su suka koya wa da yawanmu cewa akwai bambanci tsakanin "kafa" da "ƙafa", su suka tuna mana cewa a Hausar littafi ana cewa "mace ta zo", alhali mu a zango mun saba "mace ya zo" ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Saboda haka idan muna sukar littattafan nan, sukar da ɗalibi yake yi wa malaminsa ce, ba ta mai neman a rufe makaranta ba.

Mu da muka ɗan manyanta muna tuna yadda suke zuwa a shekarun 1990. Fatake ne ke tahowa da su daga Kano, a cusa a tsakanin atamfa da turare, 'yan ƙanana masu siririyar takarda, na ɗaya da na biyu da na uku. Littafi guda sai ya zaga gida goma kafin ya dawo hannun mai shi, ba bango, ga tabon manja. Babban baƙin ciki shi ne a samu na ɗaya da na uku, na biyu ya maƙale a Nijeriya. Yanzu waya ta raba gardama, abin da aka rubuta a Kano da safe ana karanta shi a Nima kafin azahar. Sai dai kowane sauƙi da nasa kuɗin, kuma a littattafan soyayya ne aka fi biya.

Littafin da ya hana 'yar'uwarmu barci ba sai ta faɗi sunansa ba. Alhaki Kuykuyo Ne ke nan na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, wanda ya bar ta da ɗawainiyar gida, ya auro Delu, aka yi rigima ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har Allah ya ɗaga 'yarta Saudatu ta auri mai hali. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, amarya ta juya masa baya, sai aka dawo ana matsa wa Rabi ta karɓe shi. Babu aljani ko ɗaya da ya fito daga bango a labarin nan. Abin da ke tsorata mace a cikinsa shi ne ta san Alhaji Abdu. Ta gan shi a layinsu, wataƙila ma ta ɗinka wa amaryarsa kayan biki. Kuma ƙarshen labarin ba ya sanyaya zuciya, domin mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa, shin wannan komen sakayya ce aka yi wa Rabi ko wani sabon kaya aka ɗora mata? Wannan tambaya ita ta sa littafin ya rayu. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassararsa ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi, mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba suka karanta suka gane Rabi.

Haka kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya girgiza matasa a farkon shekarun 1990. A can yarinyar ce, Sumayya, 'yar masu kuɗi, saurayin kuma, Muhammad, talaka ne, kuma dukan ƙarfin labarin yana wajen nuna cewa kuɗin Abdulƙadir ba su isa su sayi zuciyarta ba. An zargi littafin da koya wa 'yan mata faɗawa rijiya, an yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Amma ku dubi inda ya sa gaba: yana gefen talaka, yana faɗa da auren dole.

To yanzu a ɗauko goma daga cikin sababbin da ake turowa a waya, a duba inda suka sa gaba. A bakwai daga cikinsu, in ji lissafinmu na abin da ya zo hannunmu, kuɗi ne jarumin labarin. Marubuciya za ta ɓata shafi biyu tana zayyana mota da agogo da falo na uku, kafin mutumin ya buɗe baki. In ya buɗe bakin kuma tsawa ce. Nan ne muka fi jin ciwo, kuma nan ne muke ganin 'yar'uwarmu ta yi wa littattafan sassauci da ta ce gundurarta kawai suka yi. An samu wani salo da ya yi yawa, inda za a aura wa yarinya mutumin da ke wulaƙanta ta, ya mare ta a babi na biyar, ya kulle ta a ɗaki a na goma, ya auka mata da ƙarfi a na goma sha biyar, sa'an nan a babi na arba'in ya yi rashin lafiya ya zubar da hawaye, shi ke nan an yafe, a tafi Dubai hutun amarci. Ana nuna wa mai karatu cewa duk wancan mugun hali so ne da bai san yadda zai bayyana kansa ba. Hajiya Balaraba ta rubuta mugun miji domin a gane shi a guje shi. Waɗannan suna rubuta shi domin a yi sha'awarsa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta karanta irin wannan sau ashirin, ranar da aka mare ta a ɗakinta za ta ce ai babi na biyar ne, na arba'in yana tafe. Mu kuwa mun halarci zaman sulhu da yawa a zaurukan sarakunan zango, ba mu cika ganin babi na arba'in ba.

Akwai kuma ciwon tsawo. A da marubuci shi ke biyan kuɗin takarda da maɗaba'a, saboda haka kowane shafi sai ya yi tunani kafin ya ƙara shi. Yanzu da ake sakin labari kashi-kashi kowace rana, masu karatu suna biya suna jira, ba abin da ke tsayar da alƙalami. Labarin da ya isa ya ƙare a shafi ɗari sai a ja shi zuwa ɗari bakwai. In ma'aurata sun shirya, a kawo tsohuwar budurwa daga Landan. In an gama da ita, a yi haɗarin mota mutum ya manta kowa. In ya tuna, a gano ashe an yi musayar jarirai a asibiti. Miya ce ta mutum biyar ake ta ƙara wa ruwa don ta ishi hamsin.

Sai rubutun kansa, wanda mu ya fi shafa fiye da mutanen Kano. Ɗan Kano in ya ga an rubuta "xan xo" ya san "zan zo" ake nufi, domin an koya masa daidai a aji, ya san wannan wasa ne. Ɗan Ashaiman da bai taɓa shiga ajin Hausa ba zai ɗauka haka ake rubutawa. Ga rabin zancen jarumai da Turanci, wai don a nuna wayewa. Mu da Turanci ya kewaye mu ko ta ina, mun zo neman Hausa ne, sai a sake miƙo mana abin da muka baro a waje.

Kada a ce mun yi kuɗin goro. A cikin sababbin marubutan akwai masu hannu ƙwarai, kuma sun taɓo abubuwan da na da suke kewayewa: fyaɗe da yadda dangi ke rufe shi, auren masu ciwon sikila, ciwon damuwa, shaye-shaye a tsakanin matan aure, zaman gudun hijira. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna haka. Labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Abin lura a nan shi ne gasar ta gajerun labarai ce, an ƙayyade tsawo. Da aka ce wa marubuta ga iyaka, sai ga shi motoci da faluka sun ɓace, mutane sun fito. Ashe iyawar tana nan, linzami ne babu.

A kan littattafan yaƙi da tsafi kuwa, a nan mun ɗan saɓa da 'yar'uwarmu, za mu tsaya wa ƙanenta. Wannan gida ba baƙo ba ne, shi ne ma babban ɗa a ɗakin ƙagaggun labaran Hausa. Littattafan da suka fito daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, biyu daga cikin fitattunsu na wannan gida ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya gama da Turawa ya wuce ƙasashen aljanu. Bayansu ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne aka yi masa riga da wando na Hausa har ba mai cewa baƙo ne. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Saboda haka Abdul'aziz Sani Madakin Gini da sauran masu rubuta labaran sadaukai da bokaye da takubban sihiri gado suka tarar. Kuma mu faɗi gaskiya, su ne suka riƙe mana yara maza. Saurayin da zai ji kunya a gan shi da littafin soyayya, ba ya jin kunyar a gan shi da na yaƙi, ta nan ya koyi karatun Hausa.

Amma tsallaken shafi ashirin da ta yi, ba laifinta ba ne. Ciwon yawancin sababbin shi ne jarumi ba ya da abin da zai rasa. An gaya mana tun shafin farko cewa ƙarfe ba ya kama shi, ya yi gaba da dakaru dubu ɗari ya karkashe, gobe a kawo dubu ɗari biyar, jibi a kawo aljani mai kai saba'in. In an san ba zai faɗi ba, mene ne abin jira? Ku tuna abin da ya sa har yau ake son Ruwan Bagaja. Ba ruwan ba ne, ba kuma aljanun ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Alhaji Imam yana cuta a cuce shi, yana shan duka, yana shiga kurkuku, yana fita da wayo ba da ƙarfi ba, mai karatu yana dariya har da hawaye. Sababbin sun gaji takobin, sun bar dariyar a baya. Littafi mai shafi ɗari biyar ba wanda ya yi wauta ko sau ɗaya, wannan ba duniyar mutane ba ce.

Wani abin kuma, kullum labarin a wani birni ne mai suna kamar na Larabawa, a wani zamani da ba a san shi ba. Ba laifi. Amma mukan yi tunani, ina ma wani ya ɗauki hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, watanni ana tafe da jakuna, ga 'yan fashi, ga ƙetare Kwara, ga madugu da asiransa, ga rijiyoyin Salaga, ya gina labarin sihirinsa a kai. Maƙwabtanmu sun riga mu. Roseanne A. Brown, haifaffiyar Kumasi da ta girma a Amurka, ta fitar da A Song of Wraiths and Ruin a 2020, ta kuma biyo da labarin wata yarinya mai farautar adze, mayyar nan ta tatsuniyoyin Ewe mai rikiɗa ta zama ƙwaro mai walƙiya. 'Ya'yanmu da ke makarantun boko irin waɗannan suke karantawa da Turanci, suna mamakin dodannin mutane, ba su san nasu ba.

Wannan ya kawo mu gida na uku. 'Yar'uwarmu ta ce na ban-tsoro ba sa ba ta tsoro, mu ma mun gwada mun ga haka. Kwanakin baya muka samu wani da aka yi ta yabo, muka jira dare ya raba, wuta ma ta taimaka ta ɗauke, muka zauna da hasken waya muna jiran gashin jikinmu ya tashi. Aka yanka mutum na farko, aka sha jinin na biyu, ƙwarangwal ya yi magana, kai ya yi tafiya ba gangar jiki. Wajen shafi na sittin barci ya kwashe mu, sauro ne kawai ya ci riba.

Me ya sa? A ganinmu dalili biyu ne. Na farko, ƙyama dabam, tsoro dabam. Jini da hanji suna tayar da zuciya ne kawai. Kakanninmu da ke ba mu tatsuniya a tsakar gida sun fi waɗannan sanin aiki. Tsohuwa ba ta taɓa gaya maka kamannin Dodo filla-filla ba. Cewa za ta yi yarinya ta ji ana kiran sunanta daga bakin rafi da muryar uwarta, alhali ta baro uwar a gida tana daka. Shi ke nan, ta yi shiru, ta bar ka da sauran. Daren nan ko fitsari ya matse ka sai ka haƙura. Na biyu, an san ƙarshen tun ba a fara ba. Duk ɓarnar da aljani zai yi, mai karatu ya san a babin ƙarshe malam zai zo da carbi da ruwan addu'a, a yi ƙara, hayaƙi ya tashi, a watse. Ba muna cewa addu'a ba ta aiki ba ne, Allah ya kiyashe mu da faɗin haka. Cewa muke yi marubuci ya mai da malam kamar motar kashe gobara, ba ya cikin labarin sai an gama ƙonewa. Waɗanda suka iya, irin su Nazir Adam Salih a lokacin da yake kan ganiyar irin wannan rubutu, sun san cewa jan rai shi ne jarin, ba yawan gawa ba.

Abin mamaki, aljanar da ta fi zama a ranmu ba a littafin ban-tsoro muka gamu da ita ba. Tana cikin So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, littafin soyayya tsantsa, inda aljana ta shiga tsakanin Boɗaɗo da mijinta. Ta ba da tsoro ne domin abin da take nema shi ne abin da kowace kishiya take nema. Ka ga ashe katangar da ke tsakanin gidajen nan uku ba ta da tsawo.

Akwai wani abu guda a littattafan ban-tsoro da ba za mu wuce shi da wasa ba. Sau da yawa in an tashi tona asirin wanda ke cin kurwar yaran gida, sai a ce tsohuwar nan ce ta ƙarshen layi, ko uwar miji, ko matar da ba ta taɓa haihuwa ba. Mai rubutu a ɗakinsa yana ganin labari ne kawai. Mu a ƙasar nan mun san inda irin wannan zance yake kaiwa. Mun san Gambaga da sauran wuraren da tsofaffin mata suke zaman gudun hijira saboda an ce musu mayu. A watan Yuli na 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba, kusa da Salaga, da rana tsaka, mutane suna kallo, saboda wannan zargi. A 2023 majalisar dokoki ta amince da dokar hana zargin maita, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Labarin da zai sa yaro ya riƙa kallon kakar maƙwabta da wani ido, ba nishaɗi ba ne a wurinmu. Mai son ya tsorata mu ya ƙirƙiro dodonsa, ya ƙyale tsofaffi su ci tuwonsu.

To, mu koma kan kawu. 'Yar'uwa, kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ɗauka bai san abin da yake faɗa ba. Rabin abin da muka lissafa a sama shi ne abin da yake tsoro, ko da bai karanta ba, kuma akwai waɗanda ke yawo a waya da batsa tsirara waɗanda mu ma ba za mu so a gan su a hannun 'ya'yanmu ba. Damuwarsa tsohuwa ce. A shekarun 1990 malaman jami'a sun yi shekaru suna muhawara a jaridu a kan littattafan nan, Ibrahim Malumfashi yana kiransu adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare su. A 2007 har tara su aka yi a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Wutar ta ci takarda, labaran suka koma waya, inda ba mai ganin bangonsu balle ya san abin da yarinya take karantawa. A da uba yana iya ɗaga katifa ya gani.

Shawararmu ita ce ki rage yawa ki ƙara zaɓe. Talatin a shekara ga mai sana'ar hannu ya yi yawa, idonki ma yana da hakki a kanki, allura ba ta son ido mai barci. Duk wanda kika kai shafi na talatin ba ki gamu da mutum ɗaya da ya yi kama da wanda kika sani ba, ki ajiye shi, ko da kin biya. Sa'an nan ki nemi Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba, na takarda ba na waya ba, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu ta nemi ilmi da kanta. Ki sami wata ranar Juma'a da yamma bayan kawu ya ci ya ƙoshi, ki durƙusa ki ce, "Kawu, ga irin abin da nake karantawa, ina so in karanta maka ka gaya mini in da aibu." Dattijo ba ya ƙin a mai da shi alƙali. In ya saurara ya ce a'a, to kin fita hakkinsa, sai ki bi shi a hankali, domin gaisuwar wanda ya riƙe ki ta fi littafi talatin. Amma mun san dattawan zango. Mun taɓa ganin wanda ya fara da "kawar mini da shirmen nan", ya ƙare da aiko yaro a tambayo ko an samu na biyu.

Sauran abin da ya tsaya mana a rai shi ne shafi huɗun nan da kika cika. A duk littattafan Hausa da suka zo hannunmu, na da da na yanzu, na soyayya da na takobi da na aljanu, ba mu ga ko ɗaya da aka kafa a Aboabo ko Sabon Zango ko Tamale ba. Kullum mu ne masu leƙen gidan wasu. Ɗanmu na Kumasi, Mohammed Naseehu Ali, ya rubuta mutanen zango a The Prophet of Zongo Street a 2005, har da mai shayin unguwa, amma da Turanci ya rubuta, waɗanda aka rubuta labarinsu da yawa ba za su iya karantawa ba. Ke kuwa kina zaune a shagon da kowace amarya da kowace bazawara ta unguwa take zuwa ta zauna ta yi magana tana jiran a gama mata kalmasa. Kin san yarinyar da ke son ɗan Asante iyaye sun ƙi. Kin san matar da mijinta ya tafi Libiya shekara shida ba wasiƙa ba saki. Kin san gidan hayar da ba mai yarda ya kama ɗakin ƙarshe. Ki canja sunaye, ki rubuto mana shafi huɗu irin waɗancan, mu kuwa za mu roƙi edita ya ba mu wuri.

Kafin mu rufe, muna cigiya. Bawan Allahn da ya ari Ruwan Bagaja namu a wajen wani suna a Nima, ya ce kwana uku zai yi da shi, yau wata na biyar ke nan. Mai koren bango ne, an ɗinke gindinsa da baƙin zare. Ba za mu faɗi suna ba a wannan wata.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.